Makarantun Kuɗi Masu Bin Manhajar Ingila a Dubai da Matsayin Larabci a Cikinsu

A wannan zama zan gabatar da wata mas'ala wadda, ko da yake a ƙasa mai nisa da tamu take gudana, ta shafi duk wanda ya damu da harshen Larabci da tarbiyyar 'ya'yan Musulmi. Mas'alar kuwa ita ce ta makarantun kuɗi masu bin manhajar Ingila a birnin Dubai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da irin halin da harshen ƙasar yake ciki a azuzuwansu. Abin da zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja shi ne, raunin Larabci a bakin ɗaliban waɗannan makarantu bai zo daga rashin doka ba, domin doka tana nan kuma ana binta. Ya zo ne daga cewa an bar Larabci a matsayin darasi tsagwaronsa, an ɗauke masa duk wani aiki da yaro zai ga fa'idarsa da idonsa, an danƙa wa Turanci.

Asalin lamarin

Masarautu shida da suka haɗu suka zama daula ɗaya ran 2 ga Disamba 1971, ta bakwai kuma ta biyo su a 1972, sun daɗe a ƙarƙashin kariyar Ingila, tun daga yarjejeniyar 1820, zuwa ta sulhun teku ta 1853, har zuwa ta 1892 wadda ta hana sarakunan yankin ƙulla hulɗa da wata daula sai da yardar Ingila. Abin lura a nan shi ne, a duk tsawon wannan zamani Turawa ba su damu da gina wa mutanen wurin makarantu ba, saɓanin yadda suka yi a Masar da Sudan, ko a nan wajenmu inda Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, domin abin da ke gabansu a can shi ne tsaron hanyar jiragen ruwansu zuwa Indiya. Saboda haka karatu ya zauna a hannun malaman allo, da 'yan madarasun da attajiran lu'ulu'u suka kafa da dukiyarsu, irin su Ahmadiyya ta Dubai wadda aka fara a 1912, inda ake karantar da Alƙur'ani da fiƙihu da nahawu da hisabi. Da kasuwar lu'ulu'u ta karye a shekarun 1930, bayan Japan ta cika duniya da lu'ulu'un kiwo, sai madarasun nan suka shiga ƙunci, kuma ba a sami makarantar zamani ta farko ba sai a 1953 a Sharja, da taimakon Kuwait, malamanta Larabawa, karatunta da Larabci.

Makarantar Turawa ta shigo ne tare da kamfanonin man fetur da bankuna da masu gina tashar jiragen ruwa. A 1963 aka buɗe Dubai English Speaking School, a 1968 aka buɗe ta Khubairat a Abu Dabi a kan filin da sarkinta Shehu Zayid ya bayar, a 1978 kuma aka kafa Dubai College. Duk waɗannan Turawa mazauna wurin ne suka tsaya a kansu domin 'ya'yansu, ba domin riba ba, kuma manufarsu a bayyane take: yaron da ubansa ya zo aikin shekara uku ko biyar ya koma Ingila bai rasa aji ba. Wannan manufa halal ce, ba ta da wani aibi. Sai dai ya kamata mu riƙe ta a zuciya, domin ita ce tushen da aka ɗora duk abin da ya biyo baya: makaranta ce da aka tsara domin yaron da zai tafi.

Daga baya ne lamarin ya zama fatauci. Wasu malamai biyu, miji da mata, 'yan gidan Varkey daga Kerala ta Indiya, waɗanda suka sauka Dubai a 1959, suka buɗe makaranta a 1968. Ɗansu Sunny Varkey ya karɓi ragamarta a 1980, ya yi ta ƙara wasu, har abin ya zama kamfanin GEMS, wanda a yau yana cikin manyan kamfanonin makarantun kuɗi na duniya. Sa'an nan tsofaffin makarantun manyan gida na Ingila suka fara ba da sunayensu ga masu jari: Repton ta buɗe reshe a Dubai a 2007, Brighton College a Abu Dabi a 2011, Cranleigh a 2014, ana gina gini da kuɗin attajiran yankin, ana aika wa uwar makaranta kasonta a Ingila. A yau akwai makarantun kuɗi fiye da 200 a Dubai kaɗai, da ɗalibai fiye da 350,000, wato kusan tara cikin goma na ɗaliban birnin, suna bin manhajoji 17, kuma fiye da sulusinsu manhajar Ingila suke bi, ta Indiya na biye da ita, sa'an nan ta Amurka. Kuɗin shekara yana farawa daga dirhami dubu goma da ɗoriya a ƙananan makarantu, ya haura 100,000 a manya, abin da ya kai dalar Amurka kimanin 27,000.

Dalilin wannan yawa ba ɓoyayye ba ne. Kusan kashi 90 cikin 100 na mazauna Dubai baƙi ne, makarantun gwamnati kuwa na 'yan ƙasa ne a asali, zaman baƙo kuma a ɗaure yake da aikinsa, ranar da aiki ya ƙare sai shirin tafiya. Uban da ya san haka, ko Bapakistane ne, ko Bamisre, ko ɗan kasuwarmu na Kano da ya kai iyalinsa can, zai nemi karatun da in an tashi gobe za a iske irinsa a Doha ko Legas ko Landan, kuma manhajar Ingila ta fi kowace cika wannan sharaɗi. Abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne, 'yan ƙasar su kansu, waɗanda ba inda za su, kuma gwamnati ta ba su karatu kyauta, fiye da rabin 'ya'yansu a Dubai makarantun kuɗi suke zuwa.

Yadda makon ɗalibi yake

Manhajar da ake magana a kanta ita ce wadda dokar ilimi ta 1988 ta kafa wa Ingila. Yaro yana hawa daga aji 1 zuwa aji 13. In ya kai shekara 16 ya zauna jarrabawar GCSE, ko 'yar'uwarta ta ƙasashen waje IGCSE, a fannoni takwas zuwa goma. In ya kai 18 ya zauna A-level a fannoni uku ko huɗu, kuma da sakamakon waɗannan ukun ne jami'a za ta karɓe shi ko ta ƙi. A Ingila ake tsara tambayoyin, hukumomi irin su Cambridge da Pearson Edexcel ne ke da alhakin gyarawa, a watan Agusta kuma sakamako ke fitowa, kamar na yaran Manchester. A kan wannan gini hukumar ƙasa ta ɗora nata wajibai: Larabci ga kowane ɗalibi, Balarabe har ƙarshen karatunsa, wanda ba Balarabe ba har aji 10, darasin addinin Musulunci ga kowane Musulmi, darasin sanin ƙasa da jama'arta, da darasin kyawawan ɗabi'u wanda aka shigar a 2017. Hukumar KHDA mai kula da makarantun kuɗi na Dubai, wadda aka kafa a 2006, ta fara aika masu duba makarantu tun 2008, tana ba kowace daraja, kuma ta yi shekaru tana ɗaura izinin ƙarin kuɗin makaranta a kan darajar da aka samu.

To, mu dubi yaro ɗan ƙasa mai shekara 14 a irin wannan makaranta. Da safe zai tsaya a layi da rigar makaranta mai tambari, a ɗaga tuta, a rera taken ƙasa da Larabci. Daga nan har a tashi, lissafi da Turanci za a yi masa, kimiyya da Turanci, labarin ƙasa da Turanci, tarihi da Turanci, inda sau da yawa zai san yaƙin 1066 da matan Sarki Henry na Takwas kafin ya san yadda kakansa ya yi nutso neman lu'ulu'u. In ya yi laifi da Turanci za a tsawata masa, in ya ci ƙwallo da Turanci za a yaba masa. A cikin awa talatin ko fiye na makonsa, rabon Larabci kimanin awa uku ne, na addini kuma bai kai awa biyu ba. Ran Juma'a, tun da aka sauya ranakun hutu a Janairun 2022, ana tashi da tsakar rana domin a sami salla. In ya fito bakin ƙofa uwarsa za ta tambaye shi da Larabcin gida yadda ya wuni, ya amsa mata da Turanci, a gida kuma mai renon da ta tashe shi, wadda galibi daga Filifin ko wata ƙasar Asiya ta zo, da Turanci take masa magana tun yana goye. In ya ɗauki waya zai rubuta wa abokinsa Larabci, da baƙaƙen boko zai rubuta, ya sa lamba 3 a madadin ainun, lamba 7 a madadin ha mai kauri, domin hannunsa ya fi sabawa da tafiya daga hagu.

Rahotannin masu duba makarantu sun sha maimaita abu ɗaya shekara da shekaru: ci gaban ɗalibai a Larabci yana bayan ci gabansu a Turanci da lissafi da kimiyya, har a makarantun da aka ba daraja mafi girma. Galibi akan ɗora laifin a kan hanyar koyarwa, a ce haddar ƙa'idoji ta yi yawa, littattafai ba su da armashi, kuma akwai gaskiya a cikin wannan. Akwai kuma wahalar da ta keɓanta da Larabci, wato tazarar da ke tsakanin fusha ta littafi da harshen gida, har ya zama yaro yana jin lahajar gaɓar teku wajen uwarsa, lahajar Masar ko Sham wajen malaminsa, fusha kuma a takarda kaɗai. Amma ni a ganina waɗannan rassa ne. Ibn Haldun, a cikin Muƙaddimarsa, ya yi bayanin cewa harshe malaka ce da ke zama a jikin mutum ta hanyar yawan ji da yawan amfani, kuma sanin ƙa'idojin nahawu daban yake da samun wannan malaka, ya misalta mai ƙa'ida ba malaka da wanda zai kwatanta maka yadda ake ɗinki daki-daki, amma in ka miƙa masa allura da zare ya kasa haɗa ƙyalle biyu. Yaron da ba a taɓa neman ya warware lissafi da Larabci ba, ko ya yi jayayya a kan sababin wani yaƙi, ko ya rubuta wa shugaban makaranta ƙorafi, daga ina malaka za ta zo masa? Awa uku na i'irabi ba za su rinjayi awa ashirin da bakwai na tunani ba, ko da Sibawaihi ne ya dawo ya riƙe ajin.

Mu da ke wannan zaure muna da shaida a kan haka daga tarihinmu. Kakanninmu ba Larabawa ba ne, ba su ji Larabci a goye ba, amma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi tafsirin Alƙur'ani sukutum da Larabci, ya tsara nahawu da sarfu a waƙe, alƙalan Sakkwato da Kano da Katsina suka rubuta hukunci da shi, sarakuna suka yi wasiƙu da shi. Abin da ya kai su wannan matsayi shi ne harshen yana da aiki a hannunsu: da shi ake shari'a, da shi ake mulki, da shi ake samun girma. Da aka ɗauke wannan aiki aka ba boko, kowa ya ga abin da ya biyo baya.

Sa'an nan akwai sha'anin malamai, wanda yara suka fi manya saurin ganewa. Malamin da aka ɗauko daga Ingila yakan zo da kwangilar waje, a ba shi gida da kuɗin jirgi da albashin da ba haraji a kansa, abin da ya sa da yawa suke barin makarantun ƙasarsu alhali ita ma tana kukan ƙarancin malamai. Malamin Larabci da na addini, wanda galibi daga Masar ko Urdun ko Siriya yake, a makarantu da yawa kwangilar cikin gida ake ba shi, albashinsa ƙasa da na takwaransa, kuma da wuya a gan shi ya zama shugaban makaranta ko mataimakinsa. Ba sai an gaya wa yaro wane darasi ne mai daraja ba; ya ga wanda ke jagorantar taron safe, ya ga kuma wanda ajinsa ake fara yankewa in za a yi atisayen wasan kwaikwayo. Jami'ar da yake hari a Ingila ba za ta tambaye shi Larabci ba. Jarrabawar Larabcin ma'aikatar ilimi kuwa, wadda Balarabe ke bukata domin a daidaita masa shahadarsa da ta ƙasa, ƙetare ta kawai ake nema.

Akwai wani abu ƙarami da ya shafi 'yan'uwanmu mazauna can. Ana raba ɗalibai aji biyu na Larabci, na Larabawa da na waɗanda ba Larabawa ba, kuma fasfo ne ke raba su, ba abin da yaro ya sani ba. Ɗan Balaraben da aka haifa a Kanada, in ya shigo da fasfon ƙasar Larabawa, ajin 'yan harshe za a kai shi ko da bai iya haɗa baƙi ba. Ɗan Bahaushen da ya sauke Alƙur'ani ya fara Ahalari da Ajrumiyya kafin a kai shi can, ajin baƙi ne mazauninsa, darasin addininsa kuma da Turanci za a yi masa. Wannan ƙa'ida sauƙin gudanarwa ta duba, ba maslahar ɗalibi ba, kuma gwajin rabin awa a ranar shiga ya isa ya gyara ta.

Abin da za a iya faɗa a madadinsu

Adalci ya wajabta in faɗi cewa da yawa daga makarantun nan nagari ne a abin da suka sa gaba. Ɗalibansu suna yin fice a gwaje-gwajen ƙasa da ƙasa na lissafi da kimiyya da karatu, ana koya wa yaro tambaya da bincike da tsayawa gaban jama'a ya yi bayani, ana kula da mai rauni, ana rage awoyi a watan azumi, akwai masallaci ko ɗakin salla. Ba su kuma zama kamar Victoria College ta Masar ba, wadda aka kafa a Iskandariyya a 1902 domin 'ya'yan manya, Sarki Husaini na Urdun yana cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta, wadda kuma marubuci Edward Said, da ya zauna a reshenta na Alƙahira, ya ba da labarin cewa dokarta ta hana magana da Larabci, ana hukunta wanda aka kama. A Dubai babu mai hana yaro Larabci. Tilasta masa ma ake yi. Kuma iyaye da kansu suka zaɓa, da kuɗinsu, ba wani gwamna Bature ba. Duk da haka ina ganin halin yau ya fi na jiya wuyar magani, domin yaron da aka hana harshensa da bulala yakan riƙe shi da ƙarfi saboda fushi, kamar yadda Said da abokansa suka yi, amma wanda aka ba shi harshensa a matsayin darasin da ba ya kai mutum ko'ina, shi da kansa zai ajiye shi, ba tare da ya ji an zalunce shi ba.

Ba kuma daidai ba ne a ɗora wa iyaye laifin son zuciya. Jami'o'in gwamnatin daular kansu, wato Jami'ar Imarat da aka kafa a 1976, da manyan kwalejojin fasaha na 1988, da Jami'ar Zayid ta 1998, da Turanci suke karantar da mafi yawan fannoninsu, kuma a 2010 Abu Dabi ta shigar da koyar da lissafi da kimiyya da Turanci a makarantun firamarenta na gwamnati. Uban da ya ga ƙofar jami'ar ƙasarsa da ƙofar ofishin ƙasarsa duk da Turanci ake buɗe su, in ya kai ɗansa inda aka fi iya Turanci, ƙiyasi sahihi ya yi.

Hukuma ta farga da lamarin, kuma ta yi motsi. A 2012 aka fitar da wata takardar alkawari ta kare Larabci, a 2015 sarkin Dubai Shehu Muhammadu bin Rashid ya kafa gasar karatun littattafan Larabci wadda miliyoyin yara ke shiga daga ƙasashe da dama, a 2025 kuma KHDA ta wajabta Larabci a matakin yara ƙanana, aka fara da 'yan shekara 4 zuwa 6. Na ƙarshen nan ya fi sauran muhimmanci, domin ya kama yaro a lokacin da kunnensa ke buɗe. Amma muddin maganin ƙarin mintoci ne ga darasin Larabci, cutar tana nan. Abin da nake gani ya fi kusa da asalin ciwon shi ne a ɗauki fanni ɗaya mai nauyi, tarihi ko labarin ƙasa, a karantar da shi da Larabci ga 'ya'yan Larabawa daga farko har aji 9, kafin jarrabawar Ingila ta kama su. Manhajar Ingila ba ta hana haka ba, domin Wales, wadda ke maƙwabtaka da Ingila a ƙarƙashin sarauta ɗaya, tana da makarantun da ake yin lissafi da kimiyya da harshen mutanenta, ɗalibansu kuma suna shiga jami'o'in Ingila. Wannan ba zai yiwu ba sai an sami malamin da ya ƙware a fannin da harshen gaba ɗaya, irin wannan malami kuwa ba zai zo a kan rabin albashin takwaransa ba, saboda haka daidaita albashi shi ne sharaɗin farko, kuma abu ne da hukumar da ke iya ƙayyade kuɗin makaranta take da ikon dubawa.

Saura jami'a, wadda daga gare ta komai ke gangarowa. Maƙwabciyarsu Ƙatar ta gwada taɓa wannan wuri: a 2012 ta mayar da Larabci harshen koyarwa a jami'arta a fannonin shari'a da kasuwanci da yaɗa labarai da hulɗar ƙasashe, ta bar injiniya da likitanci da kimiyya a Turanci, a 2019 kuma ta yi doka ta musamman domin kare Larabci a ofisoshi da makarantun gwamnati. Ɗaliban da suka shiga a farkon wannan canji sun daɗe da fita, suna cikin ma'aikatu da kotuna, wasunsu har sun fara kai 'ya'yansu makaranta. Duba irin makarantar da suke zaɓa wa 'ya'yan nasu, a gwama da zaɓin takwarorinsu na Dubai, aiki ne da ɗalibi ɗaya mai neman digirin ƙoli zai iya ɗauka, kuma ina roƙon malamanmu na sashen Larabci da na tarbiyya su sa wani a kansa.